Caji Ya Yi Kwanaki, Batir Ya Yi Shekaru: Jagorar Mai Agogon Motsa Jiki

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin masu agogon motsa jiki, wannan ɗan abin ɗaurawa a hannu da ke ƙirga taku, ya auna bugun zuciya, ya faɗa wa mutum awa nawa ya yi barci: "A kwali an rubuta sati biyu, nawa kuwa ko kwana huɗu ba ya kaiwa." Daga nan sai zargi ya hau kan mai shago, a ce ya haɗa mutum da jabu. Akan samu jabun kam. Amma sau da yawa agogon lafiyarsa ƙalau, aikin da aka ɗora masa ne ya fi ƙarfin abin da ke cikinsa.

A fara da sanin girman batirin. Wayar Android ta yanzu yawanci batirinta mAh 5,000 ne. Siririn agogo irin Xiaomi Smart Band 8 nasa 190 ne. Idan batirin waya jarka ce mai lita 25, to na agogon bai cika gorar lita 1 ba. Da wannan ɗan abin ake so ya haska fuska, ya kunna fitilun da ke bayansa, ya yi jijjiga, ya riƙa magana da waya dare da rana.

Tarihin agogunan Xiaomi kaɗai ya isa ya nuna inda wutar take tafiya. Mi Band na farko, wanda ya fito a 2014, batirinsa mAh 41 ne kacal, amma kamfanin ya ce yana yin kwana 30 kafin ya nemi caja. Ba shi da fuska sai 'yan ɗigon fitilu 3, ba ya auna bugun zuciya, aikinsa ƙirga taku da lura da barci. Zuwa 2023, a Smart Band 8, batirin ya ninka na farkon fiye da sau 4, kwanakin kuwa suka sauko zuwa 16. Ƙirga taku, wanda shi ne ya sa yawancin mutane suka sayi agogon, kusan ba ya cin komai, domin 'yar na'urar da ke jin motsin hannu wutar da take sha ƙalilan ce. Abubuwan da aka yi ta ƙarawa daga baya su ne masu ci.

Magana biyu ce a nan, kuma akan cakuɗa su. Akwai kwanakin da caji ɗaya zai yi. Wannan yana hannun saitin da ka zaɓa, yau ka gyara gobe ka ga bambanci. Akwai kuma shekarun da batirin kansa zai yi kafin ya gaji. Wannan yana hannun zafi da yadda kake caji, kuma abin da ya lalace a nan ba ya dawowa. Ta biyun ta fi damuna. Galibin waɗannan agoguna a liƙe suke da gam, ba a ƙera su don a buɗe a sauya batir ba. Ran da batir ya mutu yawanci ran ne agogon ya tashi daga aiki, ko da fuskarsa ba ta da ko ƙwarzane ɗaya.

Awo kafin gyara

Kada ka shiga saiti ka kashe komai lokaci guda. Za ka samu kwanaki, amma ka rasa amfanin abin da ka kashe wa kuɗi, kuma ba za ka gane wane saiti ne yake shanye cajin ba. Cika agogon, ka zaɓi lokaci ɗaya a kullum, a ce bayan sallar asuba, ka duba kashi nawa ya rage, ka rubuta. Wanda ke zubar da kashi 7 cikin 100 daga asuba zuwa asuba zai kai sati biyu. Mai zubar da 15 ba zai cika sati ba. Mai zubar da 25 kwana 4 ne iyakarsa. Idan ka san ma'aunin naka, sai ka sauya abu ɗaya, ka ba shi kwana biyu, ka sake dubawa.

Ka kuma tambayi kanka abin da ya sa ka saye shi. Wanda likita ya ce masa ya riƙa tafiya saboda hawan jini ko ciwon suga, taku da lokacin tafiyar yake buƙata. Mai gudu da safe, bugun zuciya da nisa yake so. Mai fama da rashin barci, lissafin dare ne damuwarsa. Abin da ya kai ka shago shi za ka bari a kunne ko nawa yake ci. Sauran su za a rage.

Fuska

Ita ta fi komai ci, don haka a nan ya kamata a daɗe. Yawancin agogunan yanzu fuskar AMOLED gare su, wadda kowane ɗigo a cikinta shi ke haska kansa. Inda hoto ya yi baƙi, ɗigon a kashe yake. Inda ya yi fari, yana ci iya ƙarfinsa. Shi ya sa fuska mai baƙin bango da 'yan lambobi ta fi wadda aka cika da hoton jariri ko na amarya rowar wuta. Na san ana son hoton, amma ga waya nan mai babban batir, a bar mata shi. Fuska mai zane mai motsi, ko mai nuna sakan yana tafiya, ita ma tana ƙara nata, tunda sai an yi ta sake zana ta ba tsayawa.

Babba a cikin masu cin wutar shi ne saitin da ke barin fuska a kunne ko da yaushe, wanda za ka ga an rubuta masa AOD. Xiaomi da kansa ya ba da lissafin: Smart Band 8 yana yin kwana 16, in aka kunna wannan saitin ya koma 6. Kwana 10 ke nan a kan abu ɗaya. Ga mai kaftani ko babbar riga ko hijabi, wanda tufa ke rufe masa agogon mafi yawan yini, asarar ta fito fili, domin ba mai ganin hasken. In ba za ka iya rabuwa da shi ba, yawancinsu suna ba da damar ƙayyade masa lokaci; ka ba shi awannin aiki, ya mutu da magariba.

Sai ɗaga hannu fuska ta kunnu. Agogon bai san bambancin ɗaga hannu don duba lokaci da ɗaga shi don kai loma baki ba. Dubi tela a kan keken ɗinki, yana jan yadi yana juya shi, hannun hagu yana kifewa yana buɗewa. Duk juyi ɗaya fuskar tana haskawa, ta yi sakan 5 ko 10, ta mutu, kafin ya kai ƙarshen wuyan riga ta sake kunnuwa. Haka mai adaidaita sahu a kan titi mai ramuka, da malamin da ke rubutu a allo, da uwar gida mai tuƙin tuwo. Mai irin wannan aiki gara ya kashe saitin gaba ɗaya, ya riƙa taɓa fuskar in yana son ganin lokaci. Wanda aikinsa na zama ne yana iya barinsa, amma ya sa masa iyaka: daga isha'i zuwa asuba a kashe, don juyin barci kada ya riƙa haska ɗaki.

Tsawon lokacin da fuska ke yi kafin ta mutu, sakan 5 ya isa mutum ya karanta lokaci. Haske kuwa, ranarmu tana da ƙarfi, dole a ƙara shi in ana waje. Abin da ake mantawa shi ne rage shi in an shigo inuwa. Agogon da ke daidaita haskensa da kansa, a bar masa aikin. Wanda ba ya yi, a ajiye shi tsaka-tsaki, in rana ta yi yawa a yi masa inuwa da tafin hannu.

Ruwa ma yana kunna fuska. Fuskar taɓawa ba ta cika bambance ɗigon ruwa da yatsa ba, kuma mai alwala sau biyar a yini yana iya tarar da agogonsa ya buɗe wani shafi, ko ma ya fara lissafin motsa jiki ba da saninsa ba, ya yi ta ci har dare. Tunda dama ana so ruwa ya game hannu har gwiwa, cire shi ya fi sauƙi. Ka tsane hannun kafin ka mayar. Wasu suna da makullin fuska. Mai wanki ko wanke-wanke ya yi amfani da shi.

Akwai agogunan da wannan lissafin bai shafa ba. Wasu na Garmin, kamar Instinct, fuskarsu da hasken gari take bayyana, rana na ƙaruwa tana ƙara fitowa, kuma baƙin bango ba ya rage musu komai. Fitilar dare kawai za a taƙaita. Instinct 2 Solar na 2022 har gilashinsa yana karɓar wuta daga rana, kamfanin ya ce in yana samun awa 3 a kullum cikin rana mai ƙarfi ba ya buƙatar caja a aikin yau da kullum. Tsadarsa ce matsalar, amma ga mai yini a gona ko a daji ya cancanci a san da shi.

Fitilun da ke baya

Juya agogon a cikin duhu, za ka ga koren haske yana walƙiya. Da shi yake auna bugun zuciya: jini yana shanye koren haske, duk bugu ɗaya jinin da ke ƙarƙashin fata yana ƙaruwa, hasken da ke dawowa ya ragu, sai agogon ya ƙirga. Fitila ce dai, kuma wuta take ci. A agogunan Xiaomi za ka iya zaɓar ya auna duk minti 1, ko 5, ko 10, ko 30. Ga mai lafiya da ke son sanin yadda zuciyarsa take a yini, minti 10 ya wadatar. In ka fara motsa jiki ka danna masa, zai koma aunawa ba tsayawa da kansa, saboda haka ba ka rasa komai a lokacin da awon ya fi amfani. Wanda likita ya ce ya sa ido a kan zuciyarsa, shi kam ya bar shi yadda aka ce masa, ya nemi rangwame a wani wajen.

Ɗaurin ma yana da tasiri. Apple ya bayyana cewa in agogonsa bai samu alamar jini sosai ba, yakan ƙara hasken fitilun da yawan walƙiyarsu don ya cike giɓin. Agogon da ke reto a hannu yana ba da awo mara kyau, yana kuma ƙara shan wuta. Ka ɗaura shi kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, ya kwanta a fata ba tare da ya matse ba. Zane mai duhu a fata yana iya tare hasken, don haka mai lalle ta matsar da shi inda babu zane.

Jan haske kuma na awon iskar oksijin a jini ne, wanda ake rubuta masa SpO2. In aka bar shi yana aiki dukan dare ko dukan yini, yana cikin manyan masu ci, har wasu kamfanonin sukan rubuta gargaɗi a kusa da saitin. Mai lafiya ba ya buƙatarsa kullum. Ya kashe, ran da yake so ya auna da hannu, bai kai minti ɗaya ba. Haka awon gajiyar rai da awon numfashi a barci. Ga awon hawan jini da na suga da ƙananan agoguna marasa suna ke nunawa, shawarata a kashe su ko da ba sa cin komai. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a kada su dogara da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba. Mai ciwon suga da ya rage ko ya ƙara magani saboda lambar da agogo ya nuna masa, rayuwarsa ya sa a haɗari.

Wasu masu arha ba sa gane an cire su. Ka ajiye su a kan gado, fitilar ta ci gaba da walƙiya a kan zanin. In naka haka yake, kashe shi duk lokacin da za ka ajiye shi na awanni.

GPS

Taurarin ɗan Adam na GPS suna shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da ƙasa, saƙonsu kafin ya iso ya yi rauni ƙwarai, kuma sauraronsa da lissafa shi aiki ne mai nauyi ga ƙaramin batir. Fitbit Charge 4 na 2020 an ce yana yin kwana 7, amma da GPS a kunne ba tsayawa awa 5 ne. Awa ɗaya ta GPS ta cinye abin da ya fi na yini da kwana guda.

Mai zagaya filin ƙwallo ɗaya kowace safiya ya riga ya san nisansa, ba ya buƙatar taswira kullum. Ya zaɓi motsa jiki na cikin gida, ko ya kashe GPS ɗin, agogon zai ƙiyasta nisa daga taku. Mai fita da waya a aljihu ya sa agogon ya ari GPS na wayar, nauyin ya koma kan babban batir. In kuwa dole sai na agogon, ka haɗa shi da manhajarsa kafin ka fita, domin ta nan yake karɓar bayanin inda taurarin suke, ya same su da wuri. Ka tsaya a fili har ya kama, kada ka fara daga cikin zaure ko ƙarƙashin rumfar kwano. Masu ba da zaɓin haɗa GPS da GLONASS na Rasha, ko Galileo na Turai, ko BeiDou na Sin, haɗin yana ƙara daidaito yana kuma ƙara ci. A gari mara dogayen benaye GPS kaɗai ya isa. Da ka gama kuma, danna gamawa. Mantuwar nan ita kaɗai tana iya kashe cikakken agogo kafin azahar.

Saƙonni da Bluetooth

Kowane saƙo da ya shigo, abu uku agogon yake yi: ya karɓa, ya yi jijjiga, ya kunna fuska. Ka lissafa zaurukan WhatsApp da kake ciki, na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na wurin aiki, sannan Facebook da TikTok da saƙonnin talla. Shiga manhajar agogon a waya, ka cire duk wanda ba ya buƙatar amsa nan take. Kira da saƙon tes sun isa yawancin mutane. Da dare ka sa shi a yanayin shiru, wanda ake rubuta wa DND. Ƙararrawar farkarwa kuwa kada ka taɓa ta: jijjigar 'yan sakanni ce sau ɗaya, tana tashe ka asuba ko sahur ba tare da ta tashi yara ba, kuma a ganina tana cikin mafi amfanin abubuwan da agogon yake yi.

Mutane da yawa suna kashe Bluetooth na waya don su taimaki agogon. Ribar kaɗan ce. Irin Bluetooth da waɗannan agoguna ke amfani da shi, wanda ya shigo a 2010, an tsara shi ne musamman don ƙananan batura, kuma agogon da ya rasa wayarsa yakan ci gaba da cigiyarta. Abin da ya fi wahalar da shi shi ne yankewa da sake haɗuwa. Wayoyin Android da yawa suna rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin nasu batirin. Ka shiga saitin wayar ka ba manhajar agogon izinin ci gaba da aiki.

Na amsa kira daban ne. Agogunan da ake magana ta cikinsu suna buɗe wata hanyar Bluetooth ta biyu don murya, ga sifika ga makirfo, kuma wannan tana ci sosai. Da yawansu suna da maɓallin kashe ta ita kaɗai, sauran ayyuka su ci gaba. Wi-Fi da sauraron waƙa daga agogon, su ma a kashe in ba a aiki da su.

In ka yi duk wannan amma agogon yana zubar da caji ko da dare, kashe shi ka kunna, sannan ka duba ko akwai sabuntawa a manhajarsa. In bai gyaru ba, tura bayananka zuwa waya, ka mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. In har yanzu, to batirin ne.

Zafi da caji

A cikin batirin litiyam akwai ɓangarori biyu da wani sinadari a tsakaninsu. Lokacin caji litiyam yana ƙetarawa gefe ɗaya, lokacin aiki ya dawo. A kowace tafiya, har ma batirin yana ajiye, wani ɗan kaso nasa yana haɗuwa da sinadarin ya maƙale, ya fita daga aiki har abada. Abu biyu ke hanzarta wannan: zafi, da zaman batir a cike dam. In suka haɗu, ɓarnar ta fi sauri.

Apple ya ce agogonsa ya fi aiki daidai tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada a ajiye shi inda ya wuce 45. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, daga Maris zuwa Mayu, inuwa ma tana wuce 40. A hannu da sauƙi, domin fatar mutum ba ta kai zafin ƙarfe ko robar da rana ta buga. Haɗarin yana inda ake ajiye shi: gaban mota da gilasai a rufe, bakin taga, cikin akwatin babur, kan talabijin ko janareta, kusa da murhu. Mai gasa nama ko biredi, da mai suyar ƙosai, su cire shi kafin su tsaya gaban wuta. Wanka da ruwan zafi da sabulu kuma yana sassauta gam da robar da ke hana ruwa shiga, ko da an rubuta masa 5 ATM, alamar yana jure ruwa.

Caji da kansa yana ɗumama batir, don haka a zaɓa masa lokacin sanyi, da sassafe ko da dare, a kan tebur ko daɓen siminti, ba kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba. In ka shigo daga rana agogon da ɗumi, bar shi ya huce tukuna. Rumfar masu cajin waya tana fitar da mutane kunya in an ɗauke wuta, amma ga agogo ba wurin zuwa ba ce in da hali: ga kwano a sama, ga wayoyi jibge kowace tana fitar da zafinta, ga wutar janareta mai hawa da sauka. Pawa bank ɗaya zai cika agogo sau da yawa a gida. Sai dai wasu sukan mutu da kansu bayan ɗan lokaci, domin abin da agogon ke ja ya yi musu kaɗan har su ɗauka ba a sa komai ba. Da yawansu suna da yanayin ƙananan kaya, yawanci da danna maɓallin sau biyu ake shiga. Duba takardar naka.

Tsohuwar shawarar nan ta cewa sabon abu sai ya yi awa 8 a caja, kuma sai batir ya mutu murus kafin a sake sa shi, ta baturan nikel ce na da. Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, ba ya son a ƙarar da shi. Ya kai kashi 20, a sa shi. Yawancin siraran agoguna cikin awa 1 zuwa 2 suke cika; ya cika, a cire.

Batun tsayawa a kashi 80 kuwa ya danganta da irin agogon. Wanda ke neman caja kullum, kamar Apple Watch da aka daɗe ana ƙiyasta masa awa 18, yana zagaye kusan sau 365 a shekara. Apple ya ce an tsara batirin ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken zagaye 1,000, wato ƙasa da shekara 3 ga mai ƙarar da shi kullum. Ga irin wannan, tsayawa a 80 yana da amfani, shi ya sa kamfanin ya sa masa tsarin da ke dakatar da caji a nan sai dab da lokacin da aka saba cire shi. Amma siririn agogon da ake caji sau ɗaya a sati biyu, zagayensa 26 ne a shekara. Shi zafi da shekaru za su tsufar da shi tun kafin yawan caji ya dame shi. Cika shi in an kawo wuta ba laifi ba ne; kwana a jikin caja cikin ɗaki mai zafi ne ya kamata a daina. A nan kuma maganar farko ta haɗu da ta biyu: duk kwanan da ka ƙara wa caji ɗaya ta hanyar saiti, ka rage wa batirin zagaye.

Caja, a yi amfani da igiyarsa da kan caja mai kyau na volt 5. Igiyoyin nan masu maganaɗisu da 'yan ƙusoshi biyu suna kama da juna, amma tsarin wutarsu ba lallai ya zama ɗaya ba, aron ta wani agogo yana iya ƙona naka. Kada a bar bakin igiyar a kunne kusa da makulli ko allura, maganaɗisun yana janyo su ya haɗa wuta.

Sau da yawa in aka ce agogo ya daina caji, datti ne. Duba ɗigon ƙarfe biyun da ke bayansa: gumi mai gishiri ya haɗu da man shafawa da ƙurar hunturu, sai ka ga sun dusashe, wani lokaci har da kore-kore a gefensu. Ɗan auduga da sifirit, ko tsohon buroshin haƙori mai laushi, ya isa. Kada a kankare da reza ko allura, rufin da ke hana su tsatsa siriri ne. A bari ya bushe sarai kafin a sa caja, domin wuta a kan jiƙaƙƙen ƙarfe ita ke cinye shi.

Ajiya, tsufa, da saye

In za ka ajiye shi na watanni, bar shi da kimanin rabin caji, ka kashe shi, ka sa shi a wuri mafi sanyi a ɗakin. Duk bayan 'yan watanni ka duba ka mayar da shi rabi. Wanda aka jefa a durowa a mace ya shekara, wani lokaci ba ya sake tashi.

Tsohon batir yakan fara da ruɗa lissafi: ya nuna 40, can ya faɗo 10. A bar shi ya sauko ƙasa sau ɗaya, a cika shi ba yankewa, lissafin yakan daidaita, ko da yake ƙarfin da ya tafi ya tafi. Amma in ka ga fuskar ta fara ɗagowa, ko bayan ya yi tudu, ko yana zafi a hannu ba dalili, cire shi nan take kada ka sake caji. Kumburin batir ne. A Maris 2022 Fitbit ya janye agogonsa Ionic kimanin miliyan 1.7 a duniya saboda batirin yana iya zafi har ya ƙona fata. Kada a huda kumburarren batir, kada a danne shi, kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, yana iya fashewa. Kai shi wa masu gyara. A manyan kasuwannin waya, irin ta Farm Centre a Kano, akan samu masu iya buɗe wasu agogunan su sauya batir. In an yi maka, ka sani ƙarfinsa na hana ruwa ba zai koma yadda yake ba, sai ka riƙa cire shi kafin ka taɓa ruwa.

Batir yana tsufa ko ba a taɓa ɗaura shi ba. Agogon da ya shekara biyu cikin gilashin shago yana shan zafi ya riga ya rasa wani abu kafin ka biya. Duba kwali ko an buga watan da aka ƙera shi, ka zaɓi na kusa. Na hannu kuwa, ka nemi mai shi ya cika shi a gabanka ko ya ba ka kwana biyu na gwaji, ka yi masa awon nan daga asuba zuwa asuba kafin ku gama ciniki.